Kotu za ta iya sake buɗe ɗaukaka ƙara bayan ta yanke hukuncin ƙarshe?

"Barista, barka da aiki. Mun yi shari'a da wani mutum a kan gidan da mahaifinmu ya bari. Ya kawo takardar ciniki, wai marigayi ya sayar masa kafin ya rasu. Kotun farko ta ba shi gaskiya, muka ɗaukaka ƙara, can ma aka tabbatar masa. Yanzu bayan an gama komai, ɗaya daga cikin shaidun da suka sa hannu a takardar ya zo ya ce mana bayan rasuwar mahaifinmu aka rubuta ta. Lauyanmu ya ce aikin gama ya gama. Shin da gaske babu yadda za a yi kotu ta sake buɗe maganar?"

Malam, Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya gafarta masa. Abu biyu ne a cikin tambayarka, kuma na farkon kaɗai lauyanku ya amsa. Na farko shi ne ko kotun da ta saurari ɗaukaka ƙara za ta iya dawowa ta sake zama a kan abin da ta riga ta yanke. Na biyu shi ne ko mutumin da aka kayar da takardar jabu yana da sauran hanya. Amsar na farko e ce, amma da ƙyar, kuma kuskuren alƙalai kaɗai ba ya isa dalili. Na biyun ya fi sa rai, sai dai ba ta kotun ɗaukaka ƙara ake bi ba. Ban ga takardun shari'arku ba, ba ka kuma ambaci ƙasa ko matakin kotun ba, saboda haka zan tsaya a kan ƙa'idojin da ƙasashe da yawa suka yi tarayya a kai, in kawo misalai daga inda aka gwada su.

Me ya sa hukunci yake da ƙarshe

Da zarar alƙali ya karanta hukunci, an rubuta, an sa hannu, ikonsa a kan wannan rigimar ya ƙare. Ba zai kwana ya tashi ya ce ya sake shawara ba. Mutane kan ɗauki wannan a matsayin girman kan alƙalai, amma ni a ganina mara ƙarfi ƙa'idar ta fi karewa. Da a ce duk wanda aka kayar zai iya dawowa idan ya samu sabon lauya ko sabuwar dabara, da mai kuɗi bai taɓa faɗuwa shari'a ba, zai yi ta dawo da abokin shari'arsa ne har ya gaji ko ya mutu. Wanda ya ci ba zai iya gini ko sayarwa da kwanciyar hankali ba, shaidu kuma kullum tsufa suke yi, suna mantuwa, suna rasuwa.

Alƙalan su ma ba su ce ba sa kuskure ba. Wani alƙalin Kotun Ƙolin Amurka, Robert Jackson, ya rubuta a 1953 cewa ba don ba sa kuskure suka zama na ƙarshe ba, zamansu na ƙarshe ne ya sa ake ɗaukar maganarsu kamar babu kuskure a cikinta. Mai Shari'a Chukwudifu Oputa ya maimaita wannan ma'anar a Kotun Ƙolin Najeriya a 1989, a shari'ar Adegoke Motors da Adesanya. Sashe na 235 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce ba a ɗaukaka ƙara daga hukuncin Kotun Ƙoli zuwa ga kowa, in ban da ikon afuwa da shugaban ƙasa da gwamnoni suke da shi. Wani lokaci ma ba a kai wa can: a ƙarar zaɓen 'yan majalisar tarayya da na jihohi, Kotun Ɗaukaka Ƙara ce tuƙewa.

Abu biyu ake yawan rikitawa da sake buɗe shari'a. Ɗaya gyaran tuntuɓen alƙalami ne, kamar a rubuta suna ba daidai ba, ko lambar fili, ko a yi kuskuren lissafin kuɗi. Kowace kotu tana gyara wannan, don ba sabon hukunci ba ne, daidaita takarda ne da abin da aka yi nufi. Ɗayan shi ne kotu ta sauka daga wata ƙa'ida da ta kafa a baya idan wata shari'a dabam ta zo gabanta. Wannan yana amfanar masu zuwa, amma wanda aka kayar a shari'ar farko yana nan a kaye. Malaman gado sun san misalinsa tun zamanin Sayyidina Umar: mace ta rasu ta bar miji da uwa da 'yan'uwa na uwa ɗaya da kuma shaƙiƙai, ya ba na uwa ɗaya sulusi, shaƙiƙai suka tashi babu komai. Da irin mas'alar ta sake zuwa daga baya sai ya haɗa su duka a sulusin. Aka tuna masa hukuncinsa na farko, ya ce wancan yana kan abin da aka hukunta, wannan kuma a kan abin da ake hukuntawa yanzu. Bai aika a kira mutanen farko a sake rabo ba. Daga irin wannan malaman fiƙihu suka ɗauko ƙa'idar cewa ijtihadi ba ya warware ijtihadi, sai hukuncin da ya saɓa nassi bayyananne ko ijma'i.

Inda kotu take yarda ta dawo

Idan ka tattara shari'o'in da kotun ƙarshe ta rushe hukuncinta da kanta, za ka ga kusan duk abu ɗaya ya haɗa su. Ba a cikin amsar da kotu ta bayar aibin yake ba, a cikin zaman shari'ar yake. Ko dai ba a saurari wani ɓangare ba, ko alƙalin da ya zauna bai kamata ya zauna ba, ko kotun ba ta da hurumi tun farko, ko an yaudare ta.

Misalin da ya fi shahara shi ne na Janar Augusto Pinochet, tsohon shugaban mulkin soja na Chile, wanda aka kama a Landan a watan Oktoba 1998 bisa buƙatar wani alƙali a Sifaniya. A watan Nuwamba alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, waɗanda su ne kotun ƙoli a lokacin, suka yanke da rinjayen uku a kan biyu cewa ba shi da kariyar tsohon shugaban ƙasa. Sai ta bayyana cewa ɗaya daga cikin ukun, Lord Hoffmann, darakta ne a wata gidauniya mai alaƙa da Amnesty International, ƙungiyar da aka bari ta shiga shari'ar tana adawa da Pinochet, kuma bai sanar ba. Babu wanda ya ce ya yi son kai a zahiri. Duk da haka a watan Disamba aka rushe hukuncin, aka zaunar da alƙalai bakwai suka sake ji daga tushe. A Maris 1999 su ma suka ce ana iya miƙa shi ga Sifaniya, sai dai sun rage laifuffukan da za a tuhume shi da su ƙwarai. Ka lura da wannan: sake buɗewa bai ba shi nasara ba, sabon zama kawai ya ba shi.

A 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta fuskanci tambayarka kai tsaye a shari'ar Taylor da Lawrence, rigimar iyaka tsakanin maƙwabta. Bayan an kori ɗaukaka ƙarar, wanda aka kayar ya gano cewa aikin gyaran wasiyyar da ofishin lauyoyin abokin shari'arsa ya yi wa alƙalin kotun farko, ana gobe zai yanke hukunci, kyauta aka yi masa. Kotun ta ce tana da ikon sake buɗewa, ta gindaya sharuɗɗan da daga baya aka shigar cikin dokokin aikin kotu: a nuna cewa in ba a buɗe ba za a yi zalunci na haƙiƙa, yanayin ya fita dabam da na yau da kullum, kuma babu wata hanyar gyara. Da ta auna maganar mutumin a kan wannan ma'auni, sai ta ce abin bai kai a yi zargin son kai ba, ta bar hukuncin yadda yake.

Indiya ta tsara abin fiye da yawancin ƙasashe. Sashe na 137 na kundin tsarin mulkinta ya ba Kotun Ƙoli ikon bitar hukuncinta idan an roƙa, kuma dokokin kotun sun ba da kwana 30. A 2002, a shari'ar Rupa Ashok Hurra, kotun ta ƙara wani mataki bayan bitar, ga wanda ba a saurare shi ba ko wanda alƙali ya ɓoye alaƙarsa da shari'ar, da sharaɗin babban lauya ya sa hannu cewa roƙon ya cika ƙa'ida. Ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa su ma suna da roƙon bita a rubuce cikin dokokinsu, kuma zamba da takardar da aka tabbatar jabu ce bayan hukunci suna cikin dalilansa.

A Najeriya dokokin Kotun Ƙoli na 1985, waɗanda aka yi aiki da su har 2024, sun ce ba ta bitar hukuncinta sai don gyaran kuskuren rubutu ko fito da abin da ta yi nufi. Amma a shari'o'i irin su Alao da bankin ACB a 2000 da Igwe da Kalu a 2002, kotun ta amince cewa tana iya rushe hukuncin da aka samu ta hanyar zamba, ko wanda aka yi ba da hurumi ba, ko wanda aka sa ta ɗauka cewa ɓangarori sun yi sulhu alhali ba su yi ba, ko wanda hanyar da aka bi ta raba shi da sunan shari'a. Abin da ba ta lamunta shi ne a dawo a ce mata ta fahimci hujja ba daidai ba. Shekarar 2020 ta nuna haka a fili. A ranar 14 ga Janairu Kotun Ƙoli ta sauke Emeka Ihedioha daga gwamnan Imo ta ba Hope Uzodinma, Ihedioha ya koma neman bita, a ranar 3 ga Maris alƙalai shida suka ƙi, Mai Shari'a Centus Nweze kaɗai ya goyi bayansa. A Bayelsa ta soke nasarar David Lyon ranar 13 ga Fabrairu, ana gobe za a rantsar da shi, saboda matsalar takardun mataimakinsa. Da aka koma neman bita, ba korar roƙon kawai ta yi ba, Mai Shari'a Amina Augie ta karanta umarnin cewa manyan lauyoyi biyu da suka kawo shi, Afe Babalola da Wole Olanipekun, kowannensu ya biya naira miliyan 30 daga aljihunsa. Idan lauyanku ya ja da baya da jin maganar komawa kotun da ta yanke hukunci, kada ka ga baƙinsa.

A nawa aikin, roƙon da na ga ya fi samun karɓuwa shi ne na wanda ba a kai masa sanarwar ranar zama ba, aka saurari ƙara a bayan idonsa. Wannan ba ya buƙatar doguwar muhawara, a buɗe fayil a duba ko akwai shaidar an kai takarda. Haka ƙarar da aka cire daga jerin shari'o'i don lauya bai zo ba, yawanci ana iya mayar da ita idan an kawo uzuri mai ƙarfi da wuri, domin ba a taɓa gundarin maganar ba. Wanda kusan kullum yake faɗuwa shi ne mai cewa lauyansa na farko bai iya aiki ba, ko akwai tambayar da ya kamata a yi wa shaida ba a yi ba.

Maganar takardarku

Mataki na farko shi ne a tabbatar ko kotun da ta saurari ɗaukaka ƙararku ita ce ta ƙarshe. Idan akwai ta sama da ita, maganar sake buɗewa ba ta ma taso ba, gaba za a yi. A Najeriya wa'adin zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya ko Kotun Ƙoli a kan hukuncin ƙarshe a shari'ar da ba ta laifi ba wata uku ne, kuma ko ya wuce ana iya roƙon ƙarin lokaci idan an bayyana dalilin jinkirin aka kuma nuna ƙarar tana da ƙwari. A can ana iya neman izinin shigar da sabuwar shaida, amma ma'aunin yana da tsauri. Kotunan da ke bin tsarin Ingila suna amfani da sharuɗɗa uku na shari'ar Ladd da Marshall ta 1954: shaidar ta kasance wadda ba za a iya samu ba a lokacin shari'a ko da an yi bakin ƙoƙari, ta kasance mai tasiri a kan sakamako, kuma abin gaskatawa ce.

Na kawo wannan shari'ar ne don ta yi kama da taku. Wani mutum ya ce ya ba mai gida fam 1,000 a ɓoye a kan cinikin da bai ƙullu ba, ya kira matar mai gidan shaida, ta ce ba ta tuna ba. Bayan aurensu ya mutu sai ta fito ta ce ƙarya ta yi, ta ga an ba da kuɗin. Kotu ta ƙi karɓa. Dalilinta shi ne wanda ya amsa da bakinsa cewa ya yi ƙarya ba a cika gaskata shi a karo na biyu ba, sai an nuna kyakkyawan dalilin da ya sa ya yi ƙaryar farko, kamar cin hanci ko tilastawa, da dalilin da zai sa a yarda yanzu gaskiya yake faɗa. Fiƙihun Malikiyya ma bai ɗauki janye shaida bayan hukunci a matsayin abin da yake rushe hukunci ba. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce shaidan da ya janye bayan an yanke, idan ya yarda zur ya yi, shi ake ɗora wa biyan abin da shaidarsa ta salwantar. Ke nan mutumin da ya zo muku, shi kaɗai ba zai ɗauki nauyin shari'ar ba. Amfaninsa shi ne ya nuna muku inda za ku tona.

Idan kuwa an kai ƙarshen matakai, hanyar da aka sani ita ce a shigar da sabuwar ƙara a kotun farko mai hurumi, a nemi ta rushe tsohon hukuncin saboda an same shi da zamba. Kotun ɗaukaka ƙara takardu take karantawa, ba a tsara ta don kiran shaidu da yi musu tambayoyin ƙure ba, zamba kuwa ba ta tabbata sai da wannan. Alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya sun faɗi haka tun 1930 a shari'ar Jonesco da Beard, cewa a fayyace zambar dalla-dalla a kuma tabbatar da ita da hujja mai ƙarfi. A sabuwar ƙarar ba za a tambayi wane ne mai gida ba. Za a tambaya ne ko abokin shari'arku ya gabatar da takardar yana sane jabu ce, da kuma ko a kanta hukuncin ya tsaya. Idan alƙalin farko ya dogara da wasu hujjoji dabam da suka isa su ba shi gidan ko babu takardar, to tabbatar da jabun ba zai kai ku ko'ina ba.

Shari'ar Takhar da kamfanin Gracefield ta nuna yadda abin yake tafiya. Wata mata ta faɗi shari'a a kan gidajenta a 2010 saboda kwafin wata yarjejeniya mai ɗauke da sa hannunta, wadda ta ce ba ta tuna ta sa ba. Daga baya ƙwararren mai binciken rubutu ya gano cewa an ɗauko sa hannun ne daga wata wasiƙa da ta taɓa rubutawa aka liƙa. Abokan shari'arta suka ce ai da ta yi ƙoƙari da ta gano tun farko. A 2019 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce wanda aka yaudara ba sai ya nuna bai yi sakaci ba kafin a saurare shi, in dai ba a tayar da maganar zambar a shari'ar farko ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne abin da zan fara tambayar lauyanku. Idan kun riga kun ce wa kotun farko takardar jabu ce, ta duba ta ce ba ku tabbatar ba, aikinku ya ƙara nauyi, don za a ce abin da aka yanke kuke son maimaitawa, sai kun zo da hujjar da ba ta gaban kotu a wancan karon. Ba kowace ƙasa ce kuma ta sassauta kamar yadda Birtaniya ta yi ba. Tsawon lokaci shi kaɗai ba ya wanke zamba: a 1944 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Hazel-Atlas, ta sa an rushe hukuncin 1932 bayan ta tabbata cewa maƙalar da aka nuna wa alƙalai a matsayin ra'ayin masani mai zaman kansa, lauyan kamfanin da ya ci shari'ar ne ya rubuta ta. Amma jinkiri bayan an gano zambar yana cutarwa sosai.

Sai batun nauyin hujja. Yin takardar jabu laifi ne, kuma a Najeriya sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce idan aka yi zargin laifi a cikin shari'ar da ba ta laifi ba, sai an tabbatar da shi ba tare da sauran shakka ba. Don haka abin da nake nema a irin wannan fayil shi ne hujjar da ba ta da baki balle ta canza magana. A kai takardar wurin mai binciken rubutu, a gwada sa hannun ko dangwalen da na marigayi a takardun banki ko na aiki. A duba ranar da aka rubuta a kanta, ko a wannan ranar yana kwance a asibiti ko ya yi tafiya, ko akwai fasfo ko katin asibiti da zai nuna. A duba hatimi da kan sarki da lambar wayar da ke jikin takardar, ko sun wanzu a shekarar da aka ce. A tambayi inda kuɗin cinikin ya shiga. Na sha ganin mai jabu ya ƙware wurin kwaikwayon sa hannu ya manta da irin waɗannan ƙananan abubuwa.

Shi kuma shaidan, a kai shi ya yi bayani a takardar rantsuwa tun bai sake tunani ba, a kuma gaya masa gaskiya cewa abin da zai faɗa yana iya jawo masa tuhuma, musamman idan ya taɓa rantsuwa a kotu a kan takardar. Kada a ba shi ko sisi, kada a yi masa alkawarin komai. Tambayar farko da lauyan ɗaya ɓangaren zai yi masa ita ce nawa aka ba shi, kuma idan akwai amsa, shari'ar ta mutu a nan. Kai ƙorafi wurin 'yan sanda a kan jabun hanya ce dabam, kuma idan kotun laifi ta kama mutumin, sabuwar ƙararku ta samu gindin zama, sai dai hukuncin laifin ba ya mayar muku da gida da kansa.

Shigar da sabuwar ƙara ba ya dakatar da tsohon hukunci. Yana nan da ƙarfinsa har ranar da wata kotu ta rushe shi, kuma wanda ya hana a zartar da shi da ƙarfin tuwo zai iya samun kansa a tsare saboda raina kotu. Abin da ya fi gaggawa shi ne lauya ya haɗa ƙarar da roƙon a hana sayar da gidan ko sauya masa kama har a gama, a kuma sanar da ofishin rajistar filaye cewa akwai shari'a a kansa. Idan gidan ya riga ya shiga hannun wanda ya saya da kuɗinsa bai san da rigima ba, ko kun ci nasara mai yiwuwa diyya kawai za ku bi wanda ya yi jabun. Ku karɓo kwafin hukunce-hukuncen biyu mai hatimin kotu da cikakken bayanan zaman shari'ar, ku kai wa lauyanku ko wani lauyan dabam, ku ce ya duba muku ko an tayar da maganar jabu a kotun farko, da ko hukuncin zai iya tsayuwa idan aka cire takardar daga cikinsa.